Yau wata guda da tafiyar Mama Mai Tulu

Maman Biyu
Salama gare ku 'yan'uwa. Ku yi haƙuri, na san an buɗe gurup ɗin nan ne saboda shirin biso kuma biso ya wuce, amma yau wata guda cur da tafiyar Mama Mai Tulu ni kuma na rasa inda zan kai abin da ke cina sai nan. Jiya Alhamis na je koyon waƙa na zumuntar matan coci, na shiga na ajiye jakata a bencinmu na biyu ta wajen taga na kuma matsa gefe na bar mata wuri kamar kullum, ban farga ba sai da aka ɗauko waƙa aka zo daidai inda kiɗan tulunta ke shigowa aka ji shiru. Haka mata suka ƙarasa waƙar salam kamar miyar da aka manta gishiri, ba wadda ta iya ɗaga ido ta kalli wata.

Shekara 26 muna zama benci ɗaya da matar nan. Ranar da na fara zuwa cocin ina amarya, an kawo ni Zariya daga Kagoro ban san kowa ba, Hausar ma lokacin sai a hankali, ina fitowa daga sujada sai ga wata doguwar mata ta tare ni a bakin ƙofa ko gaisuwa babu ta ce "yarinya wa ya ɗaura miki ɗankwalin nan, kishiyarki?" ta warware shi a gaban jama'a ta sake ɗaurawa. Na koma gida ina kuka na ce wa maigidana ni da cocin nan har abada. Washegari Litinin da sassafe sai ga ta da ƙullin daddawa da kuka da busasshiyar kuɓewa wai ta ji an ce amarya ba ta san hanyar kasuwar Sabon Gari ba. Da na haifi 'yan biyu ita ta yi min wankan jego kwana 40 ko fashin rana ɗaya babu, uwata tana can gida ba lafiya.

Ni ba wata magana na zo da ita ba, so nake duk wanda ya tuna wani abu ya rubuta ko na samu na yi barci yau.

Autar Mama
Maman Biyu na gode, sau uku na karanta. Bari na faɗa muku wanda ban faɗa wa kowa ba. Kwana biyu kafin ta tafi da 'yan zumunta suka zo asibiti, kun san tun da ɓarin jikinta ya shanye bakin ya tafi, sai ido kawai. Suka tsaya kewaye da gado suna waƙa a hankali saboda sauran marasa lafiya, Anti Magatakarda tana tafa hannu, can sai ta saki kiɗan ta yi gaba ta bar mutane. Mama ta juyo da idon nan ta watsa mata harara irin wadda kuka sani. Ni da ke kuka sai na fashe da dariya, nas ta zata wani abu ya same ni. Wannan hararar ce abu na ƙarshe da na ga ta yi da hankalinta sosai.

Magatakardar Zumunta
Kai Auta kin tona ni. Gaskiya ne, na ji hararar har cikin ƙashina, kuma na gyara. Shekara nawa tana ce min hannuna na riga kunnena.

Ɗan Kwaya
Allah ya jiƙan Mama, ya sa ta huta. Ni dai mun sha faɗa da ita, lokacin da matasa muka sayo kibod da jita ta ce kibod ɗin kukan akuyar da aka ɗaure a rana yake yi. Ranar godiyar kaka aka ɗauke wuta ana tsakiyar baiko, janareto ya ƙi tashi, mu duka muka yi cirko-cirko da wayoyi a hannu, ita ko ɗagowa ba ta yi ba ta ci gaba da buga tulunta mata suka ɗauka, aka yi baikon har aka gama. Da muka fito ta ce min "ɗana, nawa ba ya shan fetur."

Malamin Lahadi
Ɗan'uwa na ji daɗin labarinka amma ka yi haƙuri zan ɗan yi gyara cikin ƙauna. Mu ba ma cewa Allah ya jiƙan wanda ya riga ya tafi. Ibraniyawa 9:27 ta nuna mutuwa sau ɗaya ce bayanta sai shari'a, addu'armu ba ta ƙara masa ba ta rage masa. Ɓarawon da ke kan gicciye ma ranar aka ce masa zai kasance a Firdausi, ba a ce sai an yi masa roƙo ba. Mama ta ba da gaskiya tun tana da rai, ta yi barci cikin Ubangiji, abin da ya rage mu roƙa wa iyali ta'aziyya. Yaranmu na karanta abin da muke rubutawa shi ya sa na yi magana.

Ɗan Kwaya
Toh Malam, ko a zaman makoki ma sai an ba mu jarrabawa? Na ji, amma ni abin da ya fito daga bakina ke nan.

Anti Nas
Malam da girmamawa, ka ce "mu" amma a gurup ɗin nan ba 'yan cocinku kaɗai ne ba. Ni 'yar Katolika ce, ni ce nake zuwa gida ina auna mata jini duk Asabar shekara kusan huɗu, kuma mu muna yi wa matattu addu'a, ranar 2 ga Nuwamba ma musamman domin su take. A littafin Makabi na biyu sura 12 an tara kuɗi an aika Urushalima saboda waɗanda suka mutu a yaƙi, na san naku Littafin ba shi da Makabi, to ka duba 2 Timoti sura 1 wajen ƙarshe inda Bulus ya roƙa wa Onisifaras jinƙai a ranar nan. Ni na riga na ba da sunanta an ambata a Mas, ban nemi iznin kowa ba kuma ba na jin na yi mata laifi. Da tana nan ma abin da za ta ce min shi ne na daina surutu na auna jinin na tafi.

Malamin Lahadi
Anti ba a faɗa a wurin ba cewa Onisifaras ya mutu. Amma na yarda ban yi la'akari da cewa akwai baƙi a cikinmu ba.

Anti Nas
Baƙi kuma? Ni da na wanke ta.

Baba Dattijo
'Ya'yana ku dakata haka. Malam, koyarwar da ka kawo ita ce ta ekklisiyarmu, ban musa ba, ni ma ita na koyar shekaru da yawa. Amma ka sani yaren da muke sujada da shi ba mu kaɗai ke da shi ba. Tun da aka buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa a 1932, aikin da su Likita Miller na Wusasa suka sa hannu a ciki, kalmomin da muka tarar a bakin Bahaushe su muka ɗauka, Allah, addu'a, sujada, mala'ika, annabi, zunubi, duk da su maƙwabcinmu yake salla da su muke waƙa. Yaron da ya tashi a Zariya in aka ce masa wane ya mutu, kafin ya yi tunanin tauhidi bakinsa ya riga ya ce Allah ya jiƙansa. Gyara yana da lokacinsa, ka same shi ranar Lahadi ku zauna.

Tunda an ce a faɗi abin da aka tuna bari na faɗi nawa, don da yawanku ba ku san asalinta ba. Marigayiya Bahaushiya ce gaba da baya, daga wani ƙauye a ƙasar Malumfashi. Mahaifinta Bamaguje ne, kuturta ta kama shi yana saurayi aka kai shi Babbar Ruga kusa da Katsina inda mishan na SIM ke jinyar kutare a wancan zamani, can ya koyi karatu can ya ji bishara, ya dawo ƙauye da yatsu bakwai da Littafi ɗaya. Littafin nan shi ne wanda kuke gani a hannunta an naɗe da leda da tsumman atamfa. Mun yi mun yi ta karɓi sabon juyi ta ƙi, ta ce Hausar sabon ta 'yan rediyo ce. Abin da ya fi ɓata mata rai a duniya shi ne a ji sunanta na baftisma a ce mata "ke wace ƙabila ce?" A kasuwa a tambaye ta, a coci ma a tambaye ta, nan a ce Bahaushe ba ya Kirista can a ce Kirista ba ya Bahaushe. Amsarta ɗaya ce kullum, "je ka tambayi tsagen fuskata."

Hajiya Maƙwabciya
Assalamu alaikum, ina yi muku gaisuwa baki ɗaya. Auta ce ta sa ni cikin gurup ɗin tun lokacin rasuwa ban taɓa magana ba sai yau da jikata ta karanta min. Ni ma a namu ɓangaren malamai suna da maganarsu kan abin da ake cewa in wanda ba musulmi ba ya rasu, ni ba malama ba ce, abin da na iya shi ne Allah ya ba ku haƙuri ya albarkaci abin da ta bari. Amma kuka kam ba wanda ya hana ni, na yi shi har na gode Allah. Katanga ɗaya ta raba mu shekara 30 da wani abu, katangar ma akwai inda ta zube ba mu gyara ba don ta nan muke miƙa wa juna wuta da gishiri. Da maigidana ya rasu ina takaba wata huɗu da kwana goma ita ke yi min cefane, in ta dawo ta zauna ta lissafa min canji har naira biyar kamar zan kai ta kotu. Da azumi ta san lokacin shan ruwa fiye da yarana, da Kirsimeti kuma ɗana take kira ya yanka mata kaji don kowa a layin ya ci hankali kwance. Faɗa kuwa mun yi shi ba adadi, yawanci a kan akuyata da zogalenta.

Maman Biyu
Hajiya sannu, Allah ya saka. Akuyar nan har a zumunta an san da zamanta, ta taɓa kawo ta cikin roƙon addu'a.

Magatakardar Zumunta
Tunda kowa na nan bari na kawo maganar da muka fara a kwamiti. Muna so a yi sujadar godiya domin rayuwarta, mata suna ganin a fitar da anko da hotonta a jiki, a buga kalanda a raba. An yi wa uwar zumunta ta da haka, bai kamata a ce Mama Mai Tulu ba a yi mata ba. Mai buga atamfar ya ce sai mun kai mutum 100 kafin ya karɓi aikin, shi ya sa nake so a fara rubuta suna da wuri.

Babban Yaya
Na goyi bayan wannan ɗari bisa ɗari, kalanda ma ni zan biya. Kuma tunda an buɗe magana zan faɗi abin da ke raina ko da ba zai yi wa wasu daɗi ba. Uwata ta rasu Talata aka binne ta Alhamis. Ina Fatakwal, na roƙa a ba ni mako biyu na haɗa kuɗi na sanar da abokan aikina na yi mata biso irin wanda ya dace da ita, aka ce a'a. Na kwana a mota na iso ana rufe akwati, minti nawa na ga fuskarta? Mutanen da na je wa bison iyayensu a Binuwai da Filato suna tambayata wai me ya faru aka yi sauri haka kamar ana ɓoye wani abu. Yakubu ma da ya mutu a Masar kwana 40 aka yi ana gyaran gawarsa aka yi makoki kwana 70 sannan aka ɗauke shi har Kan'ana wurin kakanninsa. Mu ko ƙauye ba a kai ta ba, kawunnanmu har yau ba sa ɗaga wayata.

Autar Mama
Yaya don Allah kada ka sa na yi magana a nan. Kai ma ka san ba mu muka yanke ba. Sau nawa ta faɗa a gabanka, "ranar da na mutu kada ku sa ni a firij kamar kifi." Ta faɗa a gida ta faɗa a zumunta ta sa Baba Dattijo ya rubuta. Kwana biyun ma da ta yi a mutuware don kai ne, da ta tata ce ranar za a yi. Maganar ƙauye kuma wa zai ɗauki mata cike da mota biyu ya bi da su Giwa ya wuce Funtuwa a halin da hanyar take ciki? Su kawun da ke fushi su da kansu ba sa kwana a gida wani lokacin. Ni ce na yi wata biyar ina juya ta ina wanke ta, ban ce ka yi laifi da kake nesa ba, aiki ne, kai ma kada ka ce mun yi.

Ɗan Kwaya
In ana neman aya ta saurin biso akwai Hananiya da ya ɓoye kuɗin gona ya faɗi ya mutu, kafin matarsa ta iso cikin awa uku an gama komai.

Maman Biyu
Kai ɗan nan rufe mana baki, wa ya ce maka Mama ta ɓoye kuɗin gona.

Baba Dattijo
Takardar tana wurina da sa hannunta, wato dangwalen yatsa, ta ce biro ba shi da amana. Ɗana, zafin da kake ji na gaskiya ne, ɗan fari ya so ya ga ya sallami uwarsa da hannunsa, ba wanda zai raina wannan. Amma ka tuna a ƙasarsu haka ake yi tun kafin a haife ka, Kirista da Musulmi da Bamaguje duk ba sa barin gawa ta daɗe, ajiye mutum wata guda a sanyi ana jiran a yi fenti a ɗinka kaya daga baya muka koyo shi a gari. Na ga gidajen da aka sayar da gona aka yi biso, bayan wata uku yaran marigayin suna gida an koro su daga makaranta. Ita ma ta gani, ita ke bin gidajen ai. Ubangijinmu kansa ranar da ya mutu aka sa shi a kabari. Kawunnanka kuma ka bar min su, in hanya ta yi sauƙi ni da kai za mu je mu durƙusa, Yusufu ma ƙasusuwansa sun daɗe a Masar kafin su ga gida.

Babban Yaya
Na ji Baba. Ban ce na huce ba amma na ji.

Maman Biyu
Anti Magatakarda ki yi haƙuri zan saɓa miki a maganar anko, kuma kema kina wurin ranar da abin ya faru. Lokacin da aka fitar da na uwar zumunta ta da, mun shiga coci kowa sanye da shi, wata ta tashi za ta kai baiko sai ga fuskar marigayiya daidai mazauninta, tela ya yanka yadda ya ga dama. Mama ta dafa ni ta ce a kunnena, da ƙarfi kuma don ba ta iya raɗa ba, "in na mutu duk wadda ta zauna a kan fuskata sai na zo mata a mafarki." Rabin benci suka ji. Ni dai ba zan saka ba, ina tsoron matar nan ko a mace. Muna da kayan zumunta da muke sawa, su ta sani su take so, a wanke a goge a zo.

Magatakardar Zumunta
Na tuna sarai. Amma Maman Biyu mutane za su ce mun yi wa wata mun ƙi yi wa wata, kin san bakin mata. Kuma ba kowa ne ya ji ta faɗa ba.

Anti Nas
Yanzu kowa ya ji.

Wata 'Yar'uwa
Ku yi haƙuri ban sa sunana ba, waɗanda suka sani sun sani. Kowa na faɗin alherinta kuma gaskiya ne, amma ni shekara biyu ba ma magana da ita. A gaban mata ta ce min ina zuwa coci da leshi mai tsada alhali uwar mijina tana ɗakin baya ba ta da bargo. Ban ce ƙarya ta yi ba, amma da ta kira ni gefe. Na daina gaishe ta, in za a ci Jibin Ubangiji sai na zauna can baya don kada mu haɗa ido. Da na ji tana asibiti na ce sai ta fito na je gida, kunya ta hana ni zuwa cikin mutane, na dafa kunun gyaɗa sau biyu ina fasawa. Ranar Talatan ina cikin keke da fulas ɗin a cinyata aka kira ni. Ban san me nake so ku ce min ba. Har yanzu ina jin haushin maganar kuma ina jin kamar na haɗiyi dutse.

Autar Mama
Anti na gane ki. Ba zan yi miki ƙarya na ce ta ambace ki a asibiti ba, ba ta iya magana. Abin da na sani shi ne bara da sanyi ta aike ni da bargo gidanku ta ce na ba tsohuwa ta ƙofar baya kada ki gani, ta ce in kin gani za ki ce gori ne. Halinta ne, ta fasa maka kai da baki ta dawo da dare tana neman magani. Mu 'ya'yanta mun fi kowa shan wannan. Ki zo gida don Allah, ki zo da kunun ma.

Baba Dattijo
'Yata, kin yi ƙoƙari da kika faɗa. Ki same ni bayan sujada.

Autar Mama
Akwai kuma abin da nake so na tambaya tun ɗazu faɗan Yaya ya mantar da ni. Muna kwashe kayanta na samu wani littafin rubutu na 'yan firamare a cikin ledar Littafinta, sunayen mata 11 a jere da rubutun wani yaro, gaban kowane suna an ja 'yan sanduna sanduna, wasu da baƙi wasu da ja. Na gane yawancinsu gwauraye ne na cocinmu amma biyu ban san su ba. Ba kuɗi a ciki. Wa ya san ko mene ne, kada ya zama bashi ne ake binta mu yi shiru.

Hajiya Maƙwabciya
Auta ba bashi ba ne, adashe ne, kuɗin yana wurina. Ta ce in ta ajiye a gidanta yaranta za su gani su ce a sayi magani, in ta kai coci za a kafa masa kwamiti. Duk Juma'a da yamma take miƙo min ta katanga ina sawa a gwangwanin madara. Biyun da ba ki sani ba 'yan layinmu ne, musulmai, mazansu sun rasu. Baƙin layi wanda mace ta zuba da kanta ne, jan kuma wanda ita ta zuba wa wadda ba ta samu ba a makon, daga kuɗin daddawarta, in kin duba lokacin wahalar takardun kuɗi a farkon 2023 za ki ga shafin kusan duk ja ne. Ba ta taɓa gaya musu ba, kowace tana zaton an ɗaga mata ƙafa ne kawai. Saura mutum huɗu ba su ɗauka ba a wannan zagayen. Ina ta tunanin wa zan tunkara da maganar, ga shi Allah ya kawo.

Malamin Lahadi
Wannan ya tuna min da Dokas a Ayyukan Manzanni sura 9, da Bitrus ya iso Yafa gwauraye ne suka kewaye shi suna kuka suna nuna masa rigunan da ta ɗinka musu. Anti Nas ki yafe min kalmar baƙi da na yi amfani da ita, ban kyauta ba.

Anti Nas
Ya wuce Malam. Amma sunanta na nan a Mas.

Maman Biyu
Shekara 26 a benci ɗaya matar nan ba ta taɓa gaya min ba, ni da nake ganin ba abin da ban sani ba nata har bashin mai nama. Yanzu haushi ma nake ji. Anti Magatakarda ga shawara, duk wadda ta yi niyyar sayen anko ta kawo kuɗin a cike jan layin nan har mata huɗun su ɗauka, in ya so daga baya a ga ko za a ci gaba.

Magatakardar Zumunta
Zan kai wa kwamiti amma ban yi alkawari ba, wasu sun riga sun ba tela awo. Kuma in an karɓa dole a rubuta a littafin zumunta, ma'aji ta sani.

Hajiya Maƙwabciya
Toh ga kwamitin da take gudu ya iso.

Babban Yaya
Ni zan riƙa cike jan layin duk wata, Hajiya ki sa jikarki ta turo min lambar asusu. Amma kalanda sai na buga, ko guda 50 ne, bango za a rataya ba wanda zai zauna a kai.

Autar Mama
Ka buga Yaya, amma kada ka sa hoton bikin nan da aka yi mata hoda, ta tsane shi. Ka sa wanda take riƙe da tulu lokacin korona, da aka rufe coci da masallaci a 2020 tana zama tsakar gida ita kaɗai ranar Lahadi tana bugawa.

Ɗan Kwaya
Wai ina tulun yake ma yanzu? Ko mu matasa mu karɓa, ni zan koya, da gaske nake.

Autar Mama
Ya tsage tun kafin ta kwanta, ta liƙe shi da siminti amma muryar ta mutu, ita da kanta ta ce ya zama na zuba ruwan kaji.

Hajiya Maƙwabciya
Akwai wani a ɗakina, tsohon, wanda ta zo da shi daga ƙauye. Tun rikicin bayan zaɓe na watan Afrilun 2011 yake nan, daren da ta turo min Auta da yayyenta biyu ta katanga suka kwana uku a ƙuryata ana dokar hana fita, bayan yaran sai ta miƙo keken ɗinki sai tulun. Da ƙura ta lafa ta karɓi yara ta karɓi keke, na ce ga tulunki ta ce bar shi nan tukuna a ga yadda gari zai yi. Duk bayan zaɓe sai na tuna mata ta ce tukuna.

Maman Biyu
Hajiya don girman Allah ki ba mu shi ranar Alhamis. Ni zan gwada, na daɗe ina kallon hannunta, in na kasa ga Ɗan Kwaya. Sosan bugun yana jakata tun ranar da aka kai ta asibiti.

Hajiya Maƙwabciya
A aiko yaro mai hankali ba mai gudu ba, kuma ba a ɗaukarsa ta baki, rungumarsa ake yi, ya zo da gammo. Ku bari sai bayan la'asar don gyaɗa nake ajiyewa a ciki sai na nemi inda zan juye.